Batsa Daban, Zambo Daban: Lacca Daga Sabo, Ibadan

  

Duk wanda ya biyo ta titin Sabo bayan sallar isha'i ya san yadda dare yake a unguwar nan. Hayaƙin tsire na tashi, janareto na ruri, teburin mai shayi ya cika maƙil. A kan benci ɗaya za a ga samari biyar sun haɗa kai a kan waya guda, suna dariya har da riƙe ciki, domin wani ɗan barkwanci daga Kano yana kwaikwayon yadda wani gwamna ke saɓa babbar riga idan zai ɗauki alkawari. A can ƙarshen bencin kuma ga wani yaro shi kaɗai. Ya rage hasken wayarsa, ya kare ta da tafin hannu, ya toshe kunnuwa, da an matso kusa sai ya kife ta a cinya. Dattijo ya zo wucewa, ya dube su gaba ɗaya, ya girgiza kai ya ce, "Yaran zamani, duk iskanci ne."

A kan yaron ƙarshen benci, dattijon ya faɗi gaskiya. A kan samarin nan biyar kuwa akwai sauran magana. Abin da yaron yake ɓoyewa batsa ce. Abin da samarin suke kallo zambo ne, irin wanda kakanninsu suka gada tun kafin a san wani abu waya. Kalma ɗaya ta iskanci ta haɗa su a igiya guda, kuma ba dattijon kaɗai ke yin wannan haɗin ba. Gwamnatoci ma sun daɗe suna yi, a Kudu da Arewa, kuma sau da yawa idan aka ja igiyar sai a tarar mai zambon ne a cikin tarko, mai sayar da batsar yana gida yana ƙirga kuɗinsa.

Garin nan na Ibadan da ake kira Badun ya san wannan labari fiye da kowane gari. A shekarar 1964, lokacin da rikicin Awolowo da Akintola ya raba kan Yarbawa biyu, Hubert Ogunde ya kawo wasan kwaikwayonsa Yoruba Ronu, wato kira ga Bayarabe ya yi tunani, ya nuna shi a Ibadan, Firimiya Samuel Ladoke Akintola na zaune a wurin. Labarin wani sarki ne da mataimakinsa ya ci amanarsa. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Firimiya ya tashi ya fice, kuma ba a jima ba gwamnati ta haramta wa Ogunde da ƙungiyarsa yin wasa a duk faɗin Jihar Yamma, inda mafi yawan masu kallonsa suke. Sai bayan juyin mulkin Janairun 1966 ne gwamnan soja, Adekunle Fajuyi, ya ɗage takunkumin. Ba wannan ne karon farko ba. A farkon shekarun 1950 an hana shi nuna wasansa Bread and Bullet a Kano, wasan da ya yi a kan ma'aikatan haƙar kwal 21 da 'yan sandan Turawa suka harbe a Enugu a 1949. Babu tsiraici a ko ɗaya daga cikin wasannin nan biyu. Laifinsu guda ne, sun sa talaka ya dubi mai mulki da idon tuhuma.

Har gidan talabijin na farko a Nijeriya, wanda aka buɗe a nan Ibadan a Oktoban 1959, asalinsa daga hana magana ne. A 1953 Gwamna Macpherson ya shiga rediyon gwamnati ya soki Awolowo da jam'iyyarsa, Awolowo ya nemi a ba shi damar mayar da martani, aka hana shi. Ya riƙe abin a ransa har ya kafa tasa kafar.

Bahaushe ba baƙo ba ne a fagen zambo. Kowane makaɗin fada yana da harshe biyu, ɗaya na yabon ubangidansa, ɗaya na zambo ga 'yan'uwan sarki masu jiran gado da hakiman da suka yi rowa. Akwai habaici, wanda ake jefawa ba tare da kama suna ba, mai shi ya tsinci kayansa. Akwai 'yan kama, masu ɗaukar salon malamai da na manyan mawaƙa su juya shi ya koma kan tuwo da miya. Akwai tashe a watan azumi, inda yara ke shiga gida gida suna kwaikwayon gwauro da mai rowa da malamin da ya fi son sadaka da karatu. A fadar Kano an san Wasan Gauta, inda matan cikin gida ke yin shigar sarki da hakimansa suna kwaikwayon halayensu, mai hankali ya gani ya gyara. Akwai kuma wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, da wanda ya fi kusa da zaman da ake yi a nan, wato na Gobirawa da Yarbawa. Bagobiri zai faɗa wa Bayarabe maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga ofishin 'yan sanda, amma a yi dariya a rabu. Al'ummar da ta tanadi duk waɗannan ƙofofi ta san cewa ɓacin rai idan bai samu mafita ta baki ba, zai nema ta hannu.

Haka kuma Bahaushe ya san batsa, ya kuma san inda ya ajiye ta. 'Yan gambara sun yi suna da sakin baki a kasuwa, ana taruwa a yi dariya a ba su kuɗi, amma ba wanda ke gayyatar su zauren gidansa gaban surukansa. Iyakar a bayyane take, kuma kunya ce ke tsaron ta, ba ɗan doka ba.

Malamai da ke zaune a nan sun fi kowa sanin cewa addini ya bambanta abubuwan nan. Suratun Nur ta yi alkawarin azaba mai raɗaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabi, ta kuma hana bin diddigin asirin mutane. Amma Suratun Nisa'i, da ta ce Allah ba ya son bayyana mummunar magana, ta keɓe wanda aka zalunta. Hadisi ya sanya faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba cikin mafificin jihadi. Hassanu ɗan Sabitu ya kare Manzon Allah da waƙar zambo a kan Ƙuraishawa, da izinin Manzon.

Akwai wata shari'a daga zamanin Sayyidina Umar da ya kamata duk alƙalin da zai zauna kan irin wannan ƙara ya sani. Mawaƙi Huɗai'a ya yi wa Zibriƙanu ɗan Badar zambo, Zibriƙanu ya kai ƙara. Da aka karanta baitin, Umar ya ce shi bai ga zagi a ciki ba. Mai ƙara ya dage, sai Umar ya aika aka kira Hassanu, masanin waƙa, ya tambaye shi. Hassanu ya tabbatar cewa zambo ne mai muni, sannan aka tsare Huɗai'a. Daga baya ya roƙi afuwa saboda 'ya'yansa ƙanana, Umar ya sake shi bisa sharaɗin ya daina cin mutuncin Musulmi. A dubi tsarin da kyau: wanda aka ɓata ne ya kawo ƙara da kansa, an kawo maganar da ake tuhuma an karanta ta a fili, an nemi shaidar gwani, kuma shugaban bai yi amfani da damar don kare kansa ba. Wannan shi ne ma'aunin da za a riƙe a hannu a shiga Kano da shi.

Tun tsakiyar shekarun 1980 Kano ta cika da ƙananan littattafan Hausa da marubuta ke bugawa da kuɗinsu, waɗanda aka fi sani da littattafan soyayya, Farfesa Ibrahim Malumfashi kuma ya kira su Adabin Kasuwar Kano. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila da Alhaki Kwikwiyo, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da wasu mata da dama suka biyo. Littattafan sun iso har Sabo a cikin motocin da ke kawo kaya daga Arewa, kuma mata da yawa a cikin gidajen unguwar nan da su suka ƙware da karatun boko. An yi ta muhawara a jaridu, su Malumfashi na suka, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme na nuna amfaninsu. Gaskiya ne akwai na banza a cikinsu, masu kwashe labarin fim ɗin Indiya su juye, da masu sakin layi. Amma wanda ya karanta Balaraba, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ya san abin da take faɗa: auren dole, sakin wulaƙanci, magidancin da zai kori uwar 'ya'yansa don ya kawo amarya. Wannan ba batsa ba ce. Kuka ne na mace da aka daɗe ba a saurara ba.

Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano. Mutane da yawa daga cikin masu sana'ar sun yi maraba da ita, domin ta ba su hanyar ci gaba da aiki. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirinsa na A Daidaita Sahu, ya jagoranci ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga ɗalibai a wata makarantar 'yan mata. A cikin watan Agustan wannan shekara ne kuma wani hoton bidiyo na tsiraici ya ɓulla, na wata 'yar fim, wanda aka ɗauka da wayar hannu a Legas. Ba fim ba ne, ba kamfani ne ya yi shi ba, ba a kuma ɗauke shi don kasuwa ba. Amma ya bi wayoyi kamar wutar daji, daga wannan zuwa wancan ta Bluetooth, kuma da yawa daga cikin masu tsinuwa a fili su ne masu neman a tura musu a ɓoye. Gari ya ɗauki zafi. Aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hisba, ya shugabanci hukumar, aka tsayar da ɗaukar fim na wata shida, aka kuma sa kotun tafi-da-gidanka ta riƙa yanke hukunci nan take.

Ba wanda zai ce fushin jama'a ba shi da dalili. Abin dubawa shi ne su wa aka kama bayan haka.

A Satumban 2007 an ɗaure Adam A. Zango wata uku da tarar naira 100,000 saboda kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya. A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa, Ɗan Ibro, wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. A takarda an ce rawar rashin ɗa'a ce da rashin rajista, amma a bakin mutanen gari maganar ita ce wata waƙa da ya yi yana tsokanar wani yadi mai ratsi da aka san gwamna da mutanensa da sawa. Sai Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, wanda ya tsaya takarar gwamna a 2007 kuma ba ya ɓoye sukarsa ga hukumar. Fim ɗinsa Tsintsiya a kan zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai yake, ofishin jakadancin Amurka ya tallafa masa, hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta tantance shi. Aka tuhume shi da sakin fim ba tare da izinin hukumar Kano ba da rashin rajistar kamfani, a ƙarshen Disamban 2008 aka yanke masa ɗauri da tarar naira 300,000. Ya yi kusan wata uku a kurkuku kafin Babbar Kotu ta soke hukuncin a Maris 2009 saboda ba a bi ƙa'idar shari'a ba. A tsakiyar 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11 a lokaci guda, cikinsu har da Hasbunallahu ta Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, wadda addu'a ce a kan masu takura wa mawaƙa. Ba a daɗe ba aka kama shi. Marubuta ma an nemi kowannensu ya yi rajista da hukumar kafin ya buga littafi, sai da reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ƙasa ya tsaya kai da fata.

A jera sunayen nan a tambayi kai: wanne daga cikinsu ne mai buga batsa? Ɗan barkwanci, ɗan takarar da ya yi fim kan zaman lafiya, mawaƙin da ya kai ƙara wurin Allah. An bar jaki ana dukan taiki. Dokar da aka ce an yi don kare 'ya'yan talakawa daga tsiraici ta koma garkuwar manya daga dariya.

Abin bai tsaya a wancan zamani ba. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda wani ɗan gajeren wasan barkwanci da suka sa a TikTok a kan Gwamna Abdullahi Ganduje. A cikin wannan wata na Nuwamba dai aka kama wani ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi a Twitter a kan matar shugaban ƙasa na lokacin, sai da ƙasa ta ɗauki surutu aka janye ƙarar. Eedris Abdulkareem, wanda ya tashi a Kano, ya ga fushin Obasanjo a 2004 kan waƙar Jaga Jaga, a 2025 kuma hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana sa wata sabuwar waƙarsa da ta taɓa fadar shugaban ƙasa.

A Amurka an taɓa yin shari'ar da ta haɗa batsa da zambo a jikin mutum ɗaya, shi ya sa ta cancanci a tsaya a kanta. Larry Flynt ya kafa mujallar Hustler a 1974, mujallar tsiraici ce tsagwaronta, ba mai kare ta da sunan adabi. Ya sha gurfana a kotu. A 1978, ana cikin wata shari'arsa ta batsa a jihar Jojiya, wani ya harbe shi, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. A 1983 mujallar ta buga wata tallar giya ta ƙarya, ta sa hoton fitaccen mai wa'azin Kirista Jerry Falwell, ta jingina masa wani ƙazamin abu da mahaifiyarsa wanda baki ba zai iya maimaitawa a wannan majalisi ba. A ƙasan shafin an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa wasa ne. Falwell ya kai ƙara. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ba ɓata suna ba ne, tunda ba mai hankalin da zai ɗauka da gaske, amma suka ba shi diyya saboda ƙuncin zuciyar da aka jefa shi. Flynt ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, kuma a ranar 24 ga Fabrairu 1988 alƙalai takwas da suka zauna suka soke diyyar baki ɗaya. Babban Joji William Rehnquist, wanda ba a san shi da sassauci ba, shi ya rubuta hukuncin. Hujjarsa ita ce, idan aka ce shahararren mutum zai karɓi diyya don kawai zambo ya yi masa zafi, to duk mai zanen barkwanci a jarida ya shiga uku, domin aikin zambo ke nan ya yi zafi, kuma babu ma'aunin da zai raba mai tsanani da mai sauƙi in ban da son ran wanda ke kan kujera.

Babu Bahaushen da zai yarda da abin da Flynt ya buga. Zagin uwa ba wasa ba ne a ƙasar Hausa, ba kuma wasa ba ne a ƙasar Yarbawa, kuma ba dole ne Nijeriya ta ajiye iyakarta inda Amurka ta ajiye tata ba. Amma akwai abu biyu da masu cewa can an sakar wa kowa linzami ba sa faɗa. Kotun nan dai ita ce a 1973 ta yanke cewa batsa tsagwaro ba ta cikin maganar da tsarin mulki ke karewa, ta kuma bar wa kowace al'umma ta auna da mizanin mutanenta. A 1982 kuma ta rufe ƙofa gam a kan hotunan tsiraicin yara. Wato sun raba shari'ar gida biyu: batsa a tuhume ta da sunan batsa, zambo a kan mai iko kuwa a bar shi ko da ya fito daga bakin mutumin banza.

Nijeriya ma tana da irin wannan hukunci, sai dai ba a cika tunawa da shi ba. A farkon shekarun 1980 Arthur Nwankwo ya rubuta littafi yana sukar mulkin Gwamna Jim Nwobodo na tsohuwar Anambra, aka ɗaure shi da laifin tunzura jama'a. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Enugu ta soke hukuncin, ta ce dokar ta Turawan mulkin mallaka ce, ba ta dace da ƙasa mai 'yanci ba, kuma mai mulkin da ya ga an yi masa ƙarya ya je ya shigar da ƙarar ɓata suna kamar kowa. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayi, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi don tsaro da tarbiyyar jama'a da haƙƙin wasu, da sharaɗin taƙaitawar ta zama mai hujja a ƙasar dimokuraɗiyya. A tsakanin sassan nan biyu ake kokawar. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta zo da sashe na 24, wanda ya sa har saƙon da ya ɓata wa wani rai cikin laifi, aka yi ta kama 'yan jarida da shi. Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin magana, a 2024 aka gyara shi aka rage faɗinsa.

To ina batsar take duk wannan lokaci? Ta bar kasuwa ta shiga aljihu. Littafin da Shekarau ya ƙona yana da suna a bango, da mawallafi, da shagon da ake sayarwa, ana iya kiran marubucin a zaunar da shi. Yau akwai labaran Hausa da ake rubutawa babi babi ana sayarwa a rukunonin WhatsApp, a tura kuɗi ta banki a sa mutum a ciki, a rubuta a sama wai na matan aure ne kawai, alhali ba mai tambayar shekarun wanda ya biya. Wasu ana karanta su da murya a YouTube. Akwai masu rubutu mai tsabta da ma'ana a wannan fage, da yawa kuwa, kuma su ne suka fi kowa kuka da masu ɓata musu sana'a. Akwai kuma shagon mai tura fina-finai a memori, wanda yaro zai miƙa wa waya da 'yan canjinsa, a tambaye shi ko a haɗa masa da "na manya". Mafi muni shi ne hoton yarinya da saurayi ya karɓa da sunan soyayya, ranar da suka ɓata ya watsa shi. A unguwa irin Sabo, inda kowa ya san gidan kowa, kuma labari kan isa Kano da Sakkwato kafin motar goro ta isa, irin wannan hoto yana rushe aure, ya hana na ƙannenta, ya sa uba ya daina fitowa sallar jam'i. Wannan ita ce cutar, kuma bulalar da aka yi wa masu tsokanar gwamna ba ta rage ta da ƙwayar zarra ba.

Sabo tana da wani matsayi na daban. Tun da aka kafa ta a 1916, ba dokar wani sarkin Arewa ce ta riƙe ta ba. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a 1962 da 1963 ya rubuta littafi a kanta, ya nuna cewa amana ce jarin Sabo: maigida ya karɓi shanun baƙo ya sayar bashi, ya aika goro Arewa, duk a kan magana, kuma wanda ya ci amana unguwa ce ke hukunta shi ta hanyar juya masa baya. Ya kuma nuna yadda shigar mutanen unguwar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 ta ƙara ɗaure su wuri guda. Yau ma hukumar tacewa ta Kano ba ta da iko a jihar Oyo, Hisba ba ta zuwa nan, kuma ɗan sandan da ke Mokola ba ya jin abin da ake faɗa a cikin labarin Hausa. Abin da ya rage shi ne abin da aka fara da shi: iyaye, malamai, masu gidaje, shugabannin sana'a, da fadar Sarkin unguwar.

Wannan ba rauni ba ne, domin waɗannan hannuwa sun fi kotun tafi-da-gidanka sanin wane ne wane. Masu shagunan tura fina-finai sanannu ne, suna da iyaye da masu gidan haya, za a iya zaunar da su a yi yarjejeniya a kan abin da ba za a tura wa yaro ba, wanda ya karya a karɓe masa shago. Wanda ya watsa hoton 'yar mutane, dokar ƙasa ta tanadi hukuncinsa, kuma ya kamata unguwa ta raka iyayen yarinyar kai ƙara maimakon a rufe ta a ɗaki a bar shi yana yawo. Wanda aka turo wa irin wannan hoto ya tura gaba, ya sani shi ma yana cikin masu yaɗa alfashar da ayar Suratun Nur ta ambata. Malaman Islamiyya kuma su karanta littattafan da 'yan matan ke karantawa kafin su yi hukunci a kansu, yadda Umar ya sa aka karanta baitin, su ware na kirki su ba su, domin yarinyar da aka hana karatu gaba ɗaya za ta koma wa wanda ake ɓoyewa.

Amma mutanen da ke zaune a ƙasar wasu, waɗanda sau da yawa bakinsu ne kaɗai makaminsu idan an rushe musu rumfa ko an yi musu kuɗin goro a wata rigima, su ne ya kamata su fi kowa tsoron dokar da ke kama mai magana. Wanda ya yi tafi yau don an yi wa ɗan barkwanci bulala a Kano, gobe idan ɗansa ya ɗauki hoton jami'in da ke karɓar na goro a hanyar Ojoo ya sa a Facebook, da irin wannan doka za a zo kama shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma shugaban da ya nemi ƙuri'ar jama'a ya karɓi dariyarsu tare da ita.

Roƙon da ake yi ga iyaye da malamai shi ne, daren yau idan an biyo ta teburin mai shayi, a tsaya a dubi abin da samarin nan biyar ke kallo. In gwamna suke yi wa dariya, a bar su. Sannan a ƙarasa ƙarshen benci, a zauna kusa da yaron nan, a tambaye shi wa ya tura masa, a kuma je wurin wanda ya tura ɗin tun kafin gari ya waye. Allah ya shirya zuri'a, ya zaunar da Sabo da Ibadan lafiya.